Wankan Jegona a Lungun Apo

Shekaranjiya gishiri ya ƙare mini ina tsakiyar girki. Na duba ko'ina babu, sai na kashe wuta na zauna ina jiran Malam, mijina, ya dawo da mota, don a unguwar da muke zaune yanzu a bayan Kano babu kantin da mace za ta yafa mayafi ta taka ta je ta dawo kafin miya ta kama. Gidaje ne manya-manya, kowanne da doguwar katanga da ƙaton ƙyauren ƙarfe. Matar da muke haɗa katanga da ita muryarta kawai na sani, in tana yi wa 'ya'yanta faɗa. Ina zaune ina kallon tukunya tana hucewa, sai zuciyata ta tafi wani lungu mai nisa a ƙasar Caina, inda na yi shekara uku na ƙuruciyata, inda in gishiri ya ƙare mini ko takalmin kirki ba na nema, silifas nake zurawa in sauka in karɓo, in dawo albasa ba ta gama soyuwa ba.

Ƙanen Malam yana fatauci can, kuma bara na roƙe shi ya leƙa mini lungun. Ya je ya dawo, ya ce duwatsun daɓen suna nan, babban itacen ma yana nan, amma an gyare gidajen an shafe su, shagunan sun koma na sayar wa masu yawon buɗe ido shayi da tsaraba, kowa da waya yake biya, kuma bai ga tsoho ko ɗaya a bakin ƙofa ba. Tun daga ranar nake jin ya kamata in faɗi yadda wurin yake, kafin ni ma in fara mantawa.

Ban cika shekara da aure ba Malam ya sami gurbin ƙaro karatu a wata jami'a a Guangzhou, ya ce ba zai bar ni ba. Ni kuwa 'yar cikin birni ce, ban taɓa wuce Zariya ba. Na ɗauka zai ajiye ni a Xiaobei, inda 'yan kasuwarmu suke, inda za ka ji Hausa a bakin titi kamar kana kasuwar Kwari. Sai ya ce hayaniyar can ba ta barin mai karatu. Ya kama mana ɗaki biyu a saman wani tsohon gida, a wata unguwa can gefen gari, bayan Pazhou inda ake baje kolin kaya. Tsohon ƙauye ne na bakin kogi wanda birni ya zo ya iske shi. Gidajen na tubali ne mai ruwan toka, sun fi kakan kakana tsufa, lungunan kuma a matse, an shimfiɗe su da dogayen duwatsu da ƙafa ta goge har suna sheƙi. Mota ba ta shiga, a bakin titi take tsayawa. A tsakiyar unguwar akwai kududdufi, da wani ƙaton itace irin cediya mai saiwoyi a rataye kamar gemu, a gindinsa mai aski yake kafa kujerarsa.

Kafin in san mutanen, sai da na san ƙararsu. Da sassafe tsintsiyar kara ce a kan dutse, sai ƙarar katakon da ake zarewa ɗaya bayan ɗaya ana buɗe shaguna. Da hantsi mai wasa wuƙa zai wuce yana jan wani kira mai tsawo, mai sayen gwangwani ya biyo shi da ƙararrawa. Daga kogi jirgin fito yana busa. Da azahar ko'ina sara ne a kan katako, kowane gida ana yanka abin miya. Da la'asar tsofaffi su baje teburi a inuwa suna irin darar su, da wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙara kamar ana juye tsakuwa a faranti, rediyo a gefe wata mata tana waƙa da siririyar murya. Wata biyu na yi ina jin duk wannan daga bayan taga, ban sauka ba sai tare da Malam. In ya tafi makaranta in share ɗakin da na riga na share, in zauna in yi kuka. Ran nan na kai ƙara wajen Inna, mahaifiyata, a waya. Ta bar ni na gama, sannan ta ce zumunta a ƙafa take, ba ta taɓa jin an yi ta daga taga ba. Na ce ai ba na jin yarensu. Ta ce gaisuwa ba ta neman tafinta, in sauka in gaida mutane.

Na sauka. Kalma huɗu nake da ita: ni hao ta gaisuwa, shiye-shiye ta godiya, laoban da ake ce wa mai shago, sai meyo, wato babu. Da su na zagaye lungun. A bakin ƙofarmu akwai mai shinkafa, wani dattijo mai fara'a da kekensa mai taya uku. Gaba da shi tela ce mace, sai mai gyaran takalmi, sai mai kayan lambu da ba ta taɓa barin ka tafi ba ta cusa maka ganyen albasa kyauta ba. A ƙarshen lungu akwai shagon taliyar hannu na wani Musulmi da matarsa, mutanen arewacin ƙasar, shi da farar hula ita da ɗankwali, wajensu muke samun naman da hankalinmu ya kwanta da shi. Kowane shago mai shi ne a zaune, gidansa a baya ko a sama, jikokinsa suna rarrafe a tsakanin buhuna. Da farko kallona suke yi, yara su ɓuya a bayan iyayensu. Kafin wata ya zagayo mai shinkafa ya san irin wadda nake so, tela ta karɓi atamfata ta juya ta ta sake juyawa tana kiran maƙwabta su zo su gani. Sai na ga ashe lungunmu ne na cikin birni, fatar mutanen kawai aka sauya.

Shago ɗaya nake tsallakewa, wanda yake daura da ƙofarmu. Na wata gajeriyar tsohuwa ne mai farin gashi yankakke iya kunne, mai sayar da busassun kaya: kifi, ɓawon lemo, jan dabino, wake iri-iri. Kowa Apo yake ce mata, wato Kaka. In tana magana sai ka rantse faɗa take yi, kuma ba ta jin yaren makaranta da Malam ya koya, sai yaren garin zalla. Tsoronta nake ji. Abin da ya haɗa mu ciki ne. Ina da wata uku, komai na ci sai ya dawo, ba abin da raina yake so sai tuwo da miyar kuka mai daddawa. Kuka ina da ita, daddawar ce ta ƙare. Wata safiya ina wucewa Apo ta buɗe wata randa, sai wani wari ya buge ni har na tsaya cak. Baƙin wake ne da suke ruɓarwa da gishiri, amma wallahi warinsa na daddawa ne. Na tsaya a gaban randar hawaye yana zubo mini. Ta dube ni, ta dubi cikina, ta yi wata magana da ƙarfi, ta ɗebo ta ƙunsa mini a takarda. Ranar na ci tuwo har na kasa tashi. Da la'asar na kai mata nata a kwano. Ta ɗanɗana, ta yatsine fuska, ta ja miyar sama da cokali tana kallon yauƙin, sannan ta cinye tas. Daga ranar in na sauko sai ta turo mini wata 'yar kujera da ƙafa. In zauna ina taya ta tsince wake, tana yi mini surutu da yarenta ina ba ta amsa da Hausa, kuma ban tuna ranar da hira ta yanke mana ba. A bangon shagon akwai hoton wani saurayi da mata da yara biyu a cikin ƙanƙara. Mai shinkafa, wanda yake jin yaren makaranta da na garin duka, shi ya gaya wa Malam cewa ɗanta ne guda ɗaya, yana wata ƙasa mai nisa, jikokin kuma a hoto kawai ta san su.

An shirya Inna za ta zo ta zauna da ni in na haihu. Amma shekarar ce ƙasar take karɓar wasannin Olamfik, aka tsaurara ba da biza, 'yan kasuwa ma da suka saba shige da fice sai da wasu suka koma gida. Aka yi ta nema har cikina ya tsufa, ba a samu ba. Yaran yanzu ba za su gane girman abin ba, su da suke jego da butar lantarki da waya a hannu. Mu an tashe mu a kan cewa macen da ba ta sami wankan jego ba ta shiga uku, sanyi zai shige ta, ta kumbura, ba za ta ƙara lafiya ba har ta mutu. Na taso ina ganin wata 'yar uwarmu da ƙafafu kamar turmi, kullum ana nuna mana ita ana cewa wasa ta yi da wanka. Ga haihuwar fari, ga ba uwa, ba goggo, ba ungozoma. Malam yana ta kwantar mini da hankali da maganar likitoci, ni kuwa ina jin sa ne kawai. Inna ma da take ƙarfafa ni, in za ta ajiye waya sai in ji muryarta ta sauya.

Naƙuda ta zo mini da hantsi, Malam yana makaranta, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na rarrafo na sauko na tsaya a bakin ƙofa na riƙe bango. Apo ta hango ni daga shagonta. Tsawa ɗaya ta yi lungun ya fito. Mai shinkafa ya sauke buhuna daga kekensa, tela ta shimfiɗa bargo, aka ɗora ni, Apo ta hau gefe ta riƙe mini lema, ya tuƙa mu har bakin titi inda mai gyaran takalmi ya riga ya tsayar da tasi. A asibiti Malam ya same mu. Na sha wuya, amma kafin magariba Allah ya sauke ni lafiya, na sami mace.

Washegarin da aka sallame mu, da sassafe, na ji ana buga ƙofa. Mai shinkafa ne ya ajiye bokiti biyu a bakin ƙofa ya juya, suna tururi, ruwan ja-ja-ja yana ƙamshin citta. A bayansa Apo ce ta naɗe hannun riga. Ta kori Malam waje da hannu kamar mai korar kaza, ta ja ni banɗaki, ta zaunar da ni a kujera. Ta tsoma tawul a ruwan nan ta fara gasa ni, baya, ciki, cinyoyi, tana dannawa da ƙarfin da ban san tsohuwa tana da shi ba. Zafin ya ratsa ni har ƙashi. Ina ihu tana faɗa, ba ta fasa ba. Ashe su ma suna yi. Ashe su ma mai jego ba ta fita, ba ta taɓa ruwan sanyi, ba ta shan iska. Ta kashe fanka, ta rufe taga, ta sa mini safa a tsakiyar zafin da ko tsirara mutum yake sai ya yi gumi. Da na gaya wa Inna sai ta shiga tambaya, da wane ganye, sau nawa, ruwan yana tafasa sosai ko ɗumi ne kawai. Da ta ji sau ɗaya ne a rana ta ce bai yi ba, safe da yamma ake yi. Malam ya gaya wa mai shinkafa, mai shinkafa ya gaya wa Apo, Apo ta ce wace irin uwa ce za ta dafa 'yarta sau biyu a rana. Amsar ta bi ta hanyar da ta zo ta koma Kano. Kwana uku tsofaffin nan biyu suna gardama ta bakin maza biyu, ƙarshe Apo ta sakar wa Inna wankan yamma, Inna ta sakar wa Apo safa. Kunun kanwa kuwa, da wani ɗan kasuwa ya kawo mana kanwar ranar suna, Apo ta lasa ta tofar, amma kullum sai ta tsaya a kaina na shanye kofin.

Abu ɗaya ya dame ta. Ta lura in da mutane ba na ɗaukar jaririyar, ba na kallon ta, ba na kiran sunanta. Ta aiko mai shinkafa ya tambayi Malam ko don mace ce muke baƙin ciki, in haka ne a ba ta ita. Malam ya sha wuya kafin ya fahimtar da su kunyar ɗan fari. Ban jin ta yarda. Kullum in ta gama wanka sai ta ɗauko yarinyar ta dangwara mini a ƙirji, ta tsaya ta riƙe ƙugu har sai na rungume ta.

Ranar da na kwana goma sha biyu da haihuwa, da azahar, ta hawo da wani kwano a rufe, tana tafe a hankali, fuskarta a sake yadda ban taɓa gani ba. Ta buɗe. Wani baƙin romo ne mai kauri, da manyan yankan citta da dafaffen ƙwai biyu, ƙamshinsa tsami-tsami da zaƙi. Ta miƙo mini cokali. Na sha ɗaya, na sha biyu, daɗinsa ya kai mini har ka. Malam yana gefe yana cin abincinsa, sai ya leƙo, ya sa cokali ya juya, ya ɗago wani ɗan guntun ƙashi. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce in dakata, yana jin ƙafar alade ce. Ban san lokacin da na ture kwanon ba. Ya faɗi ya fashe, romon ya malale a ƙasa. Na ruga banɗaki ina kakarin amai, ina kurkure baki ina sakewa, ƙofa a buɗe tana kallona. Da na fito tana tsaye inda na bar ta, ta fara wata magana a hankali tana nuna kwanon. Ni kuwa na ɗaga hannu na nuna mata ƙofa. Ta tsuguna ta tsince fasassun da hannunta, ta goge ƙasan da tawul ɗin kafaɗarta, ta fita.

Da yamma mai shinkafa ya tare Malam ya ba shi labarin romon. Abincin mai jego ne, mafi daraja a wajensu. Tun saura wata guda in haihu Apo ta ɗora tukunyar, ita ta kankare cittar da hannunta, ɓawon ta shanya shi a rana, shi ne wanda ake dafa mini ruwan wanka da shi. Kullum sai ta ɗumama ta. Ta san ba ma cin naman, shi ya sa ta zauna ta tsame shi kaf, ta bar mini romo da ƙwai, don a ganinta romon magani ne. Kuma ba ta taɓa samun wadda za ta dafa wa ba, surukarta a can ta haihu duka biyun. Malam ya ce mini babu laifi a kaina tunda ban sani ba. Na kira Inna ina jiran ta taya ni jimami. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Mu me muke dafa wa mai jego in ba ƙafa ba? Ƙauri ta yi miki, dabbar ce ba tamu ba. Haram ɗin ba da saninki kika ci ba, Allah ya yafe. Amma mutuncin tsohuwar nan da saninki kika ci shi.” Ta kashe wayarta.

Washegari bokitan suka iso a kan lokacinsu, da zafinsu, safe da yamma, amma Apo ba ta hawo ba. Na yi wankan ni kaɗai, hannuna ba ya kai bayana. Jibi ma haka. Malam ya je shagon tare da mai shinkafa don ya ba da haƙuri, ta ɗaga masa hannu ta shige ciki. Daga taga ina ganin shagon rabi a rufe, 'yar kujerata a kife a kan buhu. Kwana biyun nan sun fi mini naƙuda tsawo.

Rana ta uku ta zo daidai da wasan ƙarshe na ƙwallo a Olamfik ɗin, wanda 'yan Najeriya suka kai. Da tsakar rana aka buga. Mai aski ya fito da talabijin gindin itace, mazan lungun suka zo har ƙofa suka tafi da Malam, don duk unguwar mu suke goyon baya saboda shi. Da na ji ƙafarsu ta yi nisa sai na naɗe jaririyar a zane, na yafa mayafi, na sauko matakala ina dafa bango. Rabona da ƙasa tun ranar da aka dawo da ni. Lungun fayau, ba kowa. Na tsallaka na shiga shagon, na bi ta tsakanin randuna har tsakar gidanta na baya. Tana tsugune a gaban murhu tana fifita wuta. A kan murhun sabuwar tukunyar ƙasa ce, ko baƙi ba ta yi ba. A gefe sabon katako, sabuwar wuƙa, kuma matar mai taliya tana zaune da ɗankwalinta tana wanke ƙafar saniya a roba. Daga baya na ji yadda aka yi. Kwana ɗaya ta yi tana fushi ba ta ci abinci ba. Washegari ta tafi shagon taliya da kanta ta zauna ta ce su gaya mata dokar addinin nan tun daga farko, ta sa mijin ya nemo mata ƙafar saniya daga mahautan Musulmi, ta hau jirgin fito ta tsallaka kogi ta sayo tukunya.

Na durƙusa a gabanta da yarinyar a hannu. Na ce da Hausa, “Apo, ki yafe mini. Ban kyauta ba.”

Ta ɗago. Ba fuskata ta kalla ba, ƙafata ta kalla, silifas ba safa. Ta miƙe da wata irin tsawa da na tabbata an ji ta a gindin itace. Ta fizge tawul ta lulluɓe mini kai a kan mayafin, ta karɓe jaririyar ta cusa ta cikin rigarta, ta tasa ni a gaba tana faɗa tana nuna sama, tana nuna iska, tana nuna gwiwoyina. Matar mai taliya tana dariya har da riƙe ciki. Muna kan matakala muka ji maza sun yi wani dogon nishi gaba ɗaya, an zura mana ƙwallo. Apo ko waiwaye ba ta yi ba. Ranar ba ta jira yamma ba, ita da kanta ta hawo da ruwan, kuma ban taɓa shan wanka mai zafin wannan ba. Tana gasa ni tana mita. Can sai mitar ta tsaya. Ta ɗora tafin hannunta a tsakiyar kaina ta bar shi nan, ta daɗe. Na sunkuyar da kai ina kuka, ita ma ina jin tana jan hanci. Malam ya dawo yana jimamin an ci mu ɗaya, ya tarar da ni a naɗe cikin bargo ina murmushi, ya rasa gane kan gidan.

Bayan mako guda sabon romon ya nuna. Apo ta sa matar mai taliya ta ɗauko kwanon, ta sa ta yi bisimilla ta fara sha a gabana, sannan ta miƙo mini cokali. Tsohuwar tukunyar kuwa an rabe ta gida-gida, don su ma al'adarsu a raba wa maƙwabta, kamar dai yadda muke aika ƙauri. Wata guda ne nasu jegon, amma da aka gaya mata namu arba'in ne sai ta ce wannan karon uwata ta fi ta gaskiya, ta cika kwanakin. Ranar da na fita na goya yarinyar na bi lungun shago-shago. Tafiyar da ba ta kai a tafasa ruwan shayi ba, sai da na yi ta tun hantsi har azahar. Tela ta ɗinka mata 'yar hula, mai kayan lambu ta cika mini leda, mai aski ya bar kan mutum rabi ya zo ya leƙa goyon. A lungun nan yarinyar ta koyi tafiya, daga buhun shinkafa zuwa randar Apo, kuma maganarta ta farko da yarensu ta yi ta. Ba a taɓa cewa ina take ba, ko'ina ta shiga gida ne. Da Malam ya gama karatu muka tashi, mai shinkafa ya ɗora akwatunanmu a keke, lungun ya raka mu bakin titi. Apo ba ta yi sallama irin ta mutane ba. Faɗa ta yi mini a kan na bar kan yarinya a buɗe, ta gyara mata hula, ta juya ta koma tun tasi bai tashi ba.

Da muka sauka Kano, bayan 'yan taryar sun watse, Inna ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa. Shekara biyu da haihuwa, amma sai da ta duba ni kamar jiya na sauka. Ta danna ƙwaurina da yatsa ta ga bai lotsa ba, ta ja fatar idona, ta sa na miƙe na tsuguna. Sannan ta zauna a bakin gado ta ce wanka ya karɓe ni, ko ita iyakar abin da za ta yi ke nan. Ta ce in gaya mata sunan matar, tana so ta riƙa ambatonta in ta idar da salla, Allah ya saka mata, ya haskaka zuciyarta. Na ce Apo. Ta ce me ake nufi da shi. Na ce Kaka.

“Kaka ai ba suna ba ne,” in ji Inna. “Sunanta na yanka nake tambaya.”

Ashe ban san shi ba. Na leƙa na tambayi Malam, shi ma bai sani ba. Shekara uku, mace ta ga tsiraicina kwana arba'in, ta goyi 'yata, ban taɓa tambaya ba. Inna ta daɗe tana kallona, ina jiran faɗa. Sai ta gyara ɗankwalinta ta ce, “Shi ke nan. Wanda ya aiko miki ita ya san sunanta.” Ta ɗaga hannu, ni ma na ɗaga.